Kurakuran da aka fi yi wajen karanta binciken tsawon rai

Na gaji da ganin mutane suna yaɗa kanun labari a WhatsApp cewa likitoci sun gano sirrin tsawon rai, alhali ko buɗe rahoton ba su yi ba. Kuskure mafi muni, wanda ni kaina ya ci mini kuɗi da mutunci, shi ne a ga abubuwa biyu sun zo tare, sai a yanke hukunci cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan.

An daɗe da lura cewa masu yawan cin karas da ganyaye ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba, sai aka zaci sinadarin beta-karotin da ke cikin waɗannan kayan lambu ne garkuwarsu. Da wannan hujja na shafe watanni ina saya wa kawuna, wanda sigari ba ta rabuwa da bakinsa, kwalaben ƙwayar sinadarin, har ina yi masa nasiha kamar wani likita. Ashe tun 1994 aka fitar da sakamakon gwaji a Finland a kan maza masu shan taba kimanin 29,000 da aka raba ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su ƙwayar, wasu ba a ba su ba, kuma waɗanda aka bai wa ƙwayar sun fi kamuwa da cutar da kashi 18 cikin 100. A 1996 aka dakatar da makamancinsa a Amurka saboda wannan dalili. Ranar da wata likita ta bayyana mini haka, a masai na juye sauran ƙwayoyin. Mai cin ganye galibi yana motsa jiki kuma yana da kuɗin zuwa asibiti, wataƙila waɗannan ne ke kare shi ba sinadarin ba, saboda haka yanzu ba na karanta bincike sai na fara duba ko an raba mutanen da ƙuri'a ko kallonsu kawai aka yi.

Ku kuma masu firgita jama'a da alƙaluma, ku ji tsoron Allah. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a 2015 cewa cin giram 50 na sarrafaffen nama, irin su naman gwangwani, kullum yana ƙara haɗarin sankarar hanji da kashi 18 cikin 100, ma'anarsa ita ce a cikin mutum 100, masu kamuwa za su tashi daga kusan 6 zuwa 7 a tsawon rayuwa.

Abin da ya tsawaita ran ɓera a ɗakin gwaji bai zama magani ga ɗan Adam ba tukuna. Idan kuma kamfanin da ke sayar da ƙwayar ne ya biya kuɗin binciken, nakan ajiye rahoton har sai wasu sun maimaita gwajin.