Kurakuran da ake yi wajen kwatanta faya-fayan kiɗan "Raunchy"

A ƙarshen 1957 kiɗa ɗaya ya fito a Amurka daga hannun mutum uku kusan lokaci guda, sunansa "Raunchy", kiɗa ne zalla babu muryar kowa a ciki, jita da saksofon ne kawai suke zance. Bill Justis ne mai shi, shi da makaɗin jita Sid Manker suka tsara, aka ɗauka a Memfis, ya fito a kamfanin Phillips International na Sam Phillips, mutumin nan da ya fara ɗaukar Elvis Presley. Kafin ka ce kwabo Ernie Freeman ya yi nasa a kamfanin Imperial, Billy Vaughn ya yi nasa a kamfanin Dot, kuma duk ukun sun shiga goman farko a jerin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard. To yanzu sai mutum ya buɗe YouTube ya ji biyu a tsaitsaye ya yanke hukunci, wannan ya fi wancan, alhali tun daga tushe kwatancen ya karkace.

Babban kuskuren shi ne ba ka ma san wane ɗauka kake ji ba. Ganin sunan Bill Justis a jiki bai isa ba wallahi, don shi kansa ya sake ɗaukar kiɗan a 1962 cikin sitiriyo, kuma jitar ta sha bamban da ta farko. Mutane da yawa wannan na baya suke ji su ce ai sun ji na asali. Na 1957 mono ne, wato sauti ɗaya ke zuwa kunne biyu, saboda haka in ka sa iyafis ka ji jita a hagu saksofon a dama to ka tsaya, ko dai sabon ɗauka ne ko kuma an raba sautin da na'ura daga baya. Ka nemi wanda aka nuna hoton faifan, ka karanta sunan kamfanin da ke jiki. Shekarar da Spotify ke rubutawa kuwa sau da yawa ta sake fitarwa ce.

Sai ƙarar sauti. Kunnen ɗan Adam haka yake, wanda ya fi ƙara shi zai ji kamar ya fi daɗi. Ka daidaita ƙarar biyun tukuna.

Kuma dan Allah kar ka yi wannan aikin da sifikar waya. Abin da ya sa kiɗan ya yi suna shi ne yadda Manker ke kaɗa tsirkiyoyin jita masu kaurin murya yana maimaita ɗan gajeren salo guda, ga amsa-kuwwa ta sitidiyon Memfis a bayansa, ita kuwa sifikar waya daidai wannan kaurin take yankewa, sai ya zama rabin kiɗan ka ji. Akwai kuma matsalar gudu, wani ya ɗora faifan daga tsohon garmaho da ke juyawa da sauri kaɗan, sai sautin ya ɗan hau sama kiɗan ya gajarce, kai kuma ka ɗauka makaɗan ne ke gaggawa. Ka duba tsawon mintuna a wurare biyu ko uku, in ɗauka ɗaya ne amma tsawon ya bambanta da yawa, akwai wanda gudunsa ba daidai ba.

Wanda ya fi ci min rai shi ne auna su da tsafta. Sai ka ji an ce na Vaughn ya fi don ya fi laushi, komai a tsare, na Justis kuma wai saksofon ɗin na da kaushi. Ai kaushin nan shi ne kiɗan. Justis da kansa ya hura, kuma wannan ƙarar mai ɗan gurnani ita ta ja hankalin matasan lokacin. Vaughn shugaban babbar ƙungiyar makaɗa ne, nasa don masu son kiɗa mai sanyi aka yi, Freeman kuma makaɗin fiyano ne, nasa har ya kai na ɗaya a jerin kiɗan R&B, wato salon kiɗan baƙaƙen fatan Amurka. A ganina na Justis ya fi rai, amma kowanne ka tambayi wa aka yi wa shi kafin ka kushe. Haka nan kar ka ce Freeman da Vaughn sata suka yi, a zamanin al'ada ce kamfani ya ga kiɗa na tashe ya sa nasa makaɗan su ɗauka, sunan masu tsarawa na nan a rubuce a jikin faifan.

Kuskure na ƙarshe, jin kowanne daga farko har ƙarshe sannan a kwatanta, kafin ka gama na uku ka manta na farko. Ka yanki sakan ashirin na buɗewa ka ji a duk ukun a jere, sannan ka koma inda saksofon ke shigowa ka yi haka. Ka fi sa kunne a salon jitar nan, shi ne George Harrison ya kaɗa wa John Lennon a saman bas a Liverpool a 1958 aka karɓe shi cikin ƙungiyar makaɗansu, wadda daga baya ta zama Beatles.