Yadda ake zaɓen tukunyar iska don nutso mai zurfi a Legas

Kafin ka tura wa kowa kuɗi, fara zuwa wurin da za a riƙa cika maka iska, ka tsaya kusa da kwamfuresa ka ga inda allurar geji take tsayawa. Kada ka tsaya a kan abin da mai wurin ya faɗa, domin kowa cewa zai yi injinsa na kaiwa. Ka jira tukunyar ta huce, sannan ka sake aunawa. A zafin Legas, tukunyar da aka sauke da bar 200 (bar ma'aunin matsi ne) tana ɗumi, in ta huce sai ka tarar da ita wajen 185 ko 190. Wannan adadi na biyu shi ne naka, da shi za ka yi duk lissafin da ke gaba. A nan sababbi suke faɗuwa: mutum ya sayo mai babban matsi, ya sha wahalar fito da ita daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, sannan ya gane ba inda zai cika ta ta cika.

Na biyu, ka san abin da aka buga a kafaɗar tukunyar. Ta ƙarfe mai ƙaramin matsi, wadda ake rubuta wa LP, an yi ta ne don psi 2400 (psi ma'aunin matsi ne na Amurkawa), in kuma akwai alamar + kusa da tambarin gwaji, an yarda a ƙara kashi 10 cikin 100 ta kai 2640, wato wajen bar 182. Mai babban matsi, HP, tana ɗaukar psi 3442, kusan bar 237. Na Turai kuwa 232 ne ko 300.

Daga nan sai ka manta da sunayen 95 da 100 da 120, don Amurkawa suna kiran tukunya ne da yawan iskar da take riƙewa in ta cika maƙil. Kai dai nemi faɗin cikinta da lita, ka ninka da matsin da ka auna. LP95 wajen lita 15 ce, a bar 182 tana ba ka iska lita 2,700 da 'yan kai. HP100 ba ta wuce lita 13 ba, in an tsaya mata a 200, lita 2,600 ke nan, ta koma bayan wadda sunanta ya fi ƙanƙanta. Amma dubi HP120, ita ma wajen lita 15 ce. A bar 200 ta riga ta wuce LP95, ran da ka dace da kwamfuresa mai ƙarfi kuma ka sami ƙari. Shi ya sa ni a wurina, in ƙarfe za ka saya, sayi HP mai faɗin ciki. Za ka ji ana ba da labarin masu shiga kogwannin ƙarƙashin ruwa a Fulorida suna ɗura wa LP iska fiye da ƙa'ida. Bar musu abinsu, balle da tukunyar da ta sha iskar teku a nan.

Ta bar 300 kuwa ba na ba kowa shawararta. Iska ba ta matsuwa daidai wa daida a can sama, kusan kashi 10 na abin da lissafi ya ba ka ba ya ciki, ga nauyi, ga shi sai regileta, wato na'urar shaƙar iska, mai dogon zare.

Mataki na uku shi ne wanda ake raina wa, kuma shi ke kashe mutum: nauyi a cikin ruwa. Ruwanmu da ɗumi yake galibin shekara, don haka kusan kowa da siririyar rigar roba yake shiga. Yanzu ɗora mata tagwayen tukwanen ƙarfe, da bututun da ya haɗa su, da farantin baya. Iskar da ke cikin tagwaye masu lita 12 a bar 232 ita kaɗai ta kusa kilo 7. Kana sauka rigar tana matsewa, ɗan ɗagawar da take yi maka tana tafiya, a mita 40 ba abin da ke riƙe da kai sai jakar iskar bayanka. In ta fashe fa? Dalma ana iya kwancewa a yar, tukunya ba a yar da ita. Gwajin ba wuya: da tukwane cike, a mita 10, abokinka na gefe, fitar da iskar jakar duka ka ga ko ƙafafunka za su iya ɗago ka. In ba su iya ba, kayan nan ba naka ba ne. Da rigar roba, tagwayen alminiyam 80 su ne daidai, lita 11.1 kowace, bar 207, wanda kusan kowane kwamfuresa ke kaiwa, ga sauƙin kuɗi, ga su ba sa tsatsa irin ta ƙarfe. In sun kusa ƙarewa kowace takan ɗago da wajen kilo 2, sai ka tanadi dalmar da za ta riƙe ka a tsayuwar ƙarshe da ake yi a cikin ruwa kafin a fito. Wanda ya nace sai ƙarfe, ya haɗa da busasshiyar riga, wadda ruwa ba ya shiga, ko jaka mai ciki biyu. Tukwanen gefe na tsayuwar rage iskar jiki kuwa alminiyam ne, babu muhawara.

In za ka riƙa haɗa hiliyam da oksijin, a nan LP take da bakin magana. Ba tare da famfon ƙara matsi ba, gas daga babbar silinda yake gangarowa da kansa, kuma ya fi sauƙi a haɗa shi a ƙaramin matsi. Hiliyam kuwa tsada gare shi, ba abin bari a gindin silinda ba ne.

Sauran a taƙaice. Bawul ya zama DIN, wato mai zaren da ake murɗa regileta a cikinsa. In ta hannu ce, duba shekarar gwajin matsi da ruwa na ƙarshe, ƙa'idar shekara 5 ce, kuma + ɗin ba ya aiki sai an sake buga shi. A cire bawul a haska ciki da tocila, in ka ga tsatsa ta yi rami, tafi abinka. Tagwaye su zama kamfani ɗaya, tsawo ɗaya. In tukunyar abokinka ta bambanta da taka, ku raba iska kashi uku (na tafiya, na dawowa, na ajiya) da lita, bisa ta wanda ya fi ƙaranci, ba da geji ba. Bayan kowane nutso wanke da ruwan famfo, cire takalmin gindi ya bushe, ka ajiye ta a tsaye da ɗan matsi a ciki don kada danshi ya shiga.