Yadda za ka riƙe lasisin fulagin ɗinka ba tare da biyan kuɗin sabuntawa duk shekara ba

Fulagin, wato ƙaramar manhajar gyaran sauti da ake sa wa cikin manhajar haɗa waƙa, ba ya lalacewa don ya daɗe. Kwamfuresa (mai daidaita ƙarfin sauti) ko ikwalaiza (mai daidaita kauri da kaifinsa) da ke gyara maka murya yau, haka za ta yi bayan shekara goma, muddin abin da take zaune a kai bai sauya ba. Abubuwa uku ne ke sauyawa: babbar manhajar kwamfuta, wato Windows ko macOS, manhajar da kake haɗa waƙa a ciki, irin su Pro Tools, Cubase, Logic ko FL Studio, sai kuma ita kanta kwamfutar. Yawancin kuɗin sabuntawa da masu sutudiyo ke biya, sun taɓa ɗaya daga cikin ukun nan ne ba shiri, fulagin ya ƙi buɗewa, aiki yana jira, dole aka biya.

Mataki na 1: San abin da ka saya

Lasisi iri uku ne. Akwai na dindindin: ka biya sau ɗaya, sigar da ka saya ta zama taka, ƙananan gyare-gyare kyauta ne, amma babbar siga ta gaba sai ka biya, kamar yadda FabFilter ke yi daga Pro-Q 3 zuwa Pro-Q 4. Akwai na haya, wanda ake biya wata-wata ko shekara-shekara, ranar da ka daina biya ya daina aiki. Na uku shi ke rikita mutane: dindindin ne, amma da wa'adin sabuntawa. Fulagin Waves yana zuwa da shekara ɗaya ta Waves Update Plan, Bitwig ma wata 12 yake bayarwa. In wa'adin ya cika, abin da ke kwamfutarka yana ci gaba da aiki. Sabuwar siga ce kawai ba za ka samu ba. Saƙon "wa'adinka ya kusa ƙarewa" da ke shigowa imel ɗinka ba yana nufin za a kashe maka komai ba ne.

Buɗe takardar lissafi a Excel ko Google Sheets. Kowane fulagin layi ɗaya: suna, kamfani, lambar siga, imel ɗin da ka yi rajista da shi, irin lasisin, inda yake zaune, kwamfuta nawa aka yarda a kunna shi, da ranar ƙarewar wa'adi. Lambobin lasisi da kalmomin sirri su tafi cikin manhajar adana kalmar sirri, kada su zauna a wannan takardar. Kuma ka yi dukkan sayayya da imel ɗaya, domin haɗa asusu biyu daga baya aiki ne na rubuta wa kamfani da jiran amsa.

Mataki na 2: Zaɓi inda lasisi zai zauna

Nan ne aka fi yin asara, don haka a tsaya a kai sosai.

iLok tsarin riƙe lasisi ne da kamfanoni da yawa ke bi. Lasisin fulagin da ke amfani da shi yana iya zama a wuri uku, gwargwadon abin da kamfanin ya yarda: a kan maɓallin iLok na USB, a kan kwamfutar kanta, ko a iLok Cloud, wato a intanet. Na kan kwamfuta ya fi sauƙi, shi ne kuma ya fi haɗari. Lasisin yana ɗaure da shaidar wannan na'urar. In faifan ajiya ya mutu, ko ka goge Windows, ko aka sauya babban allon kwamfutar kafin ka sauke shi, gurbin ya maƙale a na'urar da babu ita kuma. iLok License Manager zai ba ka damar kai rahoto, amma kamfanin da ya yi fulagin ne zai saki gurbin, kuma kowane kamfani da nasa saurin. iLok Cloud kuwa yana son intanet ba yankewa. In layi ya ɗauke ana tsakiyar ɗaukar murya, fulagin zai tsaya. Ga mai fulagin da yawa, maɓallin USB ya fi kwanciyar hankali: ka goge kwamfuta yadda ka ga dama, lasisi na jikin maɓalli. Sai dai a sa shi a ɗan gajeren wayar USB maimakon a cusa shi kai tsaye a gefen laftof, inda gwiwa ko jaka za ta iya karya shi.

Waves ba ya bin iLok. Ta manhajarsa Waves Central ake kunna lasisinsa, ko a kan kwamfuta ko a kan filashi na yau da kullum. Filashin ya fi, saboda shaidar kwamfutar tana iya sauyawa in aka taɓa katin intanet ɗinta, sai lasisi ya nuna yana kan na'urar da ba a haɗe take ba. Akwai hanyar dawo da lasisi, amma sau ɗaya ce a shekara, kada a ɓarnatar da ita. Keɓe filashi ɗaya don wannan aikin kaɗai, ka yi masa alama, kada a riƙa kwafar waƙa da shi.

Steinberg, kamfanin da ke yin Cubase, tun Cubase 12 a 2022, ya bar maɓallin eLicenser ya koma kunnawa ta asusu, har kwamfuta uku.

Ƙa'idar dai ɗaya ce ga duk lasisin da ke zaune a kan kwamfuta: kafin a goge kwamfuta, a sayar da ita, ko a kai ta gyara, a buɗe kowace manhajar lasisi a danna Deactivate. Bi takardarka layi-layi.

Mataki na 3: Ajiye fayil ɗin girkawa

Kamfani yakan sa sabuwar siga a gaba, tsohuwar ta ɓuya ko ta ɓace. Duk sigar da ke aiki lafiya a kwamfutarka, sauke fayil ɗin girkarta ka ajiye a faifai na waje, kwafi biyu, da lambar siga a jikin sunan jakar. Waves Central yana da Offline Installer don wannan. Haɗa da fayil ɗin manhajar haɗa waƙarka da direban katin sautinka.

Mataki na 4: Hana kwamfuta sabunta kanta

A Mac, shiga System Settings, General, Software Update, ka kashe girka sabuntawar macOS kai tsaye, ka bar ta tsaro a kunne. Bambancin yana da muhimmanci. Facin tsaro ba kasafai yake taɓa fulagin ba. Tsallakawa zuwa sabuwar macOS ta shekara ce ke karya su. A 2019 macOS Catalina ta daina buɗe duk manhajar 32-bit. A 2020 Apple ya fito da tasa ƙwaƙwalwar kwamfuta, M1, fulagin da aka rubuta don ta Intel suka koma dogaro da Rosetta 2, manhajar da ke sa su yi aiki a sabon Mac. In kana da tsofaffin fulagin a kan sabon Mac, danna dama a kan manhajar haɗa waƙar, zaɓi Get Info, ka sa alama a Open using Rosetta. Za ta ɗan ƙara cin ƙarfin kwamfuta, amma yawancin tsofaffin za su buɗe, ban da na 32-bit. Apple ya riga ya sanar cewa Rosetta ba mai ɗorewa ba ce, don haka ka ɗauke ta a matsayin jinkiri kawai.

Windows ya fi haƙuri da tsofaffin fulagin. Matsalarsa ita ce Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar da ta tsaya a tsohon tsari kada ta zama ta buɗe imel da yawon intanet. A bar ta ga aikin sauti.

Mataki na 5: In sauyi ya zama dole, gwada a gefe

Ɗauki cikakken kwafin faifan, da Time Machine a Mac ko Clonezilla a Windows. Duba shafin dacewa na kowane kamfani da ke takardarka. Girka sabon tsarin a wani faifai dabam, ka buɗe tsofaffin ayyuka uku ko huɗu masu nauyi. Wanda ya ƙi buɗewa, shi kaɗai ne abin yanke shawara a kai.

Kula da VST2, tsohon tsarin da ake gina fulagin a kai. Steinberg ya daina ba da sabon izininsa tun 2018, kamfanoni da yawa sun koma VST3 kaɗai. Aikin da aka yi da sigar VST2 ba lallai ya gane ta VST3 ba, ko da sunan fulagin ɗaya ne, sai ka ga gurbi wayam. Kada ka goge tsohuwar jakar VST2.

Mataki na 6: Mayar da kowane aiki sauti

Da an gama waƙa, fitar da kowane layin sauti a matsayin fayil ɗin WAV na 24-bit sau biyu: ɗaya da fulagin a kai, ɗaya tsura. Kayan kiɗan cikin kwamfuta ma a mayar da su sauti, a ajiye MIDI ɗin, wato bayanan abin da aka kaɗa, a gefe, tare da saitin kowane fulagin. Minti ashirin ne ko ƙasa da haka. Wannan ne ke raba ka da biyan kuɗi don kawai wani ya dawo bayan shekara huɗu yana son a rage ƙarar ganga.

Lokacin da ya dace a biya

Ka biya sau ɗaya, a lokacin da ka zaɓa. Ga Waves, jira sai ka sayi sabuwar kwamfuta, ka sabunta wa'adin fulagin da kake taɓawa kullum kaɗai, ka girka sabuwar siga, ka bar wa'adin ya ƙare. Sigar ta zauna maka. Amma lasisi na biyu, na wata kwamfutar, da ke zuwa da wa'adin yana ƙarewa tare da shi, kada ka ɗora aikin laftof a kansa. Rangwamen ƙarshen Nuwamba ya cancanci jira.

Sauran kuwa a musanya su. Ikwalaiza da kwamfuresar da suka zo da manhajarka suna sabuntuwa tare da ita. Ikwalaizar TDR Nova kyauta ce. Kamfanin fulagin Valhalla ba ya karɓar kuɗin sabuntawa, FL Studio yana ba da sabuntawa kyauta har abada, lasisin manhajar haɗa waƙa ta Reaper yana ɗaukar manyan sigogi biyu. Kafin ka sayi wani sabo, karanta sharuɗɗansa na sabuntawa tun kafin ka saurari sautinsa.

Akwai saƙon da ba a watsi da shi: na sauyin tsarin lasisi. Steinberg ya rufe hidimar eLicenser a watan Mayun 2025, kuma daga nan motsa lasisi a tsohon tsarin ya ƙare. Manhajojin lasisi da kansu, irin iLok License Manager da Native Access, kyauta ake sabunta su, sai dai ka duba suna goyon bayan tsarin kwamfutarka kafin ka danna.

Fulagin na sata ba mafita ba ne: haƙƙin wani ne, yana shigo da ƙwayar cuta, yana kuma rufe manhaja a tsakiyar aiki. Na hannu kuwa halal ne in kamfanin ya yarda. Tabbatar ba a rubuta NFR a kansa ba, wato wanda ba a sayarwa, kuma kada ka saki kuɗi sai an bi hanyar canja mallaka ta kamfanin, lasisin ya bayyana a asusunka da sunanka.