Yakuwa a bayan ɗaki: yadda nake shuka tawa a Zariya

Ƙanwata da ke Ingila ta taɓa turo min hoton wani tsiro mai jan kara da suke kira rubab, wai tsaminsa yana tuna mata da gida. Karan ake ci, ganyen guba ne, kuma sai ya sha sanyin ƙanƙara yake yin kyau. Na ce mata ta riƙe abinta, ni yakuwata ta ishe ni, ganye da ƙoƙo da iri duk a ci.

Ina jira sai damina ta zauna, wajen tsakiyar Yuni. Kada ki yi ruɗin ruwan farko na Mayu, na taɓa yi, rana ta ƙone min tsiron ƙurmus. Jar ƙasarmu ta Tudun Wada tana riƙe ruwa, yakuwa kuwa ba ta son saiwarta ta jiƙe, don haka sai ki ja kunya, ki zuba busasshen kashin awaki da ɗan toka. Gurguzu uku ko huɗu a kowane rami, zurfin gaɓar yatsa, tsakanin rami da rami taku ɗaya. Kafin mako sun leƙo. In sun kai tsawon tafin hannu, ki cire raunanan ki bar biyu. Waɗanda kika cire ɗin su ne faten tsakinki na farko.

Daga mako na shida za ki fara tsinkar ganye. Ki riƙa ƙwace kan tohon sama, shi ke sa ta yi rassa ta baje. Amma fa kada ki yi mata tsirara, ki bar mata rabin ganyenta in kina son zoɓo. Sannan ki kewaye wurin da zana ko ƙaya. Akuyar maƙwabta ba ta san zumunci ba.

Fure ba ya zuwa sai yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba, ko da kin yi shuka da wuri. Bayan furen ya faɗi da kamar mako uku, ƙoƙon zai cika ya yi ja wur yana ƙyalli. Ki yanka da wuƙa, ki sa doguwar riga, don ƙaiƙayinta ba ya wasa. Ki tsaga gindin ki fitar da ƙwallon irin, ki shanya zoɓorodon a kan tabarma, ba a ƙasa ba, hunturu zai busar da shi cikin 'yan kwanaki.

Gindi biyu mafi ƙiba nake bari su bushe a tsaye har ƙwallon ya fara tsagewa. Irin baɗi ke nan, na zuba a kwalba da toka. Ragowar gurguzun Inna ce ke karɓa ta yi mana daddawar batso.