Yadda za ka nemi wajen SIWES da za ka koyi aiki da gaske

Ƙannena masu karatun injiniya a Aliero da Waziri Umaru Poli sun dame ni da tambayar nan a WhatsApp, to ga amsa sau ɗaya. SIWES dai shi ne shirin da ake tura ɗalibi kamfani ko ma'aikata ya koyi aikin fanninsa a aikace.

1. Tun saura wata 2 a fara SIWES ka karɓi takardar neman waje a ofishin SIWES na makarantarku.

2. Rubuta wurare 5 da suka dace da fanninka. Ɗan lantarki ya gwada Kaduna Electric, ɗan makanikal ya leƙa kamfanin shinkafa na Labana a Birnin Kebbi ko na WACOT a Argungu, ɗan sibil kuma Ma'aikatar Ayyuka ko kamfanin da ke aikin titi kusa da ku.

3. Kai takardar da ƙafarka, da kwafin katin makaranta.

4. Tambayi sunan injiniyan da za ka zauna ƙarƙashinsa.

Hattara, a nan ake yin kuskure. Da yawa sai su zaɓi ofis ɗin da kawu yake aiki don a sa musu hannu suna gida, watannin su wuce ko multimeter, na'urar auna lantarki, ba su riƙe ba, wallahi abin yana min ciwo, don ranar intabiyu sai ka ga yaro ya yi shiru.

5. In sun karɓe ka, mayar da takardar amincewarsu makaranta.

6. Sayi takalmin sefti da hular kwano.

7. Cika logbook, littafin rubuta aikin da ka yi, kullum da yamma, har da zanen abin da ka gani. Kar ka tara na wata guda, za ka manta.

8. Duk ƙarshen mako kai wa oganka ya sa hannu.

9. Kafin ka tafi, cika Form 8, fom ɗin kammala SIWES na ITF, hukumar da ke kula da shirin, ka karɓi lambar wayar injiniyan, bayan NYSC za ka neme shi.