Darasi Na Bakwai: Yin Sallama Kafin Shiga Reshen XML

Duk wanda ya taɓa ganin ma'aikata suna zagaya ƙauyukan Kebbi da waya a hannu, suna ɗaukar bayanan manoman shinkafa, to ya wuce kusa da XML ko da bai sani ba. Manhajoji irin su ODK Collect da KoboCollect, waɗanda ake cike fom da su, a tsarin XML suke ajiye amsoshin. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ita ce ta tabbatar da wannan tsari a 1998.

Takardar XML tamkar itace take. Tushe ɗaya ne, daga shi rassa suke fita, kowane reshe kuma yana iya samun ƙananan rassa. Masu aikin suna kiran na sama uwa, na ƙasa 'ya'ya. Ga misali:

```
<manoma>
  <manomi lamba="1">
    <gari>Argungu</gari>
    <waya>080...</waya>
  </manomi>
  <manomi lamba="2">
    <gari>Yauri</gari>
  </manomi>
</manoma>
```

Ku duba da kyau. Manomi na biyu ba shi da reshen waya. Nan ne darasinmu yake.

Idan ka je gidan mutum, ba ka kutsa kai ciki. A zaure kake tsayawa ka yi sallama, ka aiki yaro ya duba maigida. Ko dai yaron ya fito da shi, ko ya dawo ya ce maka ba ya nan. A Python, harshen kwamfutar da muke rubuta shiri da shi, umarnin `find` shi ne wannan yaron. Idan ya sami reshen da ka nema, zai miƙo maka shi. Idan bai samu ba, zai dawo da `None`, wato babu. A Java da JavaScript `null` ake cewa, amma ma'anar ɗaya ce.

Matsalar ba rashin maigida ba ce. Matsalar ita ce ka miƙa hannu za ka gaisa da wanda aka ce maka ba ya nan. Haka wannan layin yake yi:

```
print(manomi.find("waya").text)
```

A kan manomi na farko zai yi aiki lafiya lau. Da ya kai na biyu sai shirin ya tsaya cak, kwamfuta ta rubuto `AttributeError`, domin ka tambayi `None`, wato babu, rubutun da ke cikinsa. A Java sunan irin wannan tuntuɓe `NullPointerException`.

Ni ma abin ya taɓa cin tuwo a kaina. Na rubuta wa wata ƙungiyar manoma a kusa da Birnin Kebbi ɗan shiri da zai fitar da lambobin waya don a sanar da su ranar rabon taki. Na gwada shi da mutum biyar, duka masu waya, na ce shi ke nan. Ranar aiki, ana zaune kan tabarma ana jira, shirin ya iso kan wani dattijo da bai taɓa riƙe waya ba, da ta ɗansa yake amfani. Nan ya tsaya. Duk waɗanda sunayensu ke bayan nasa ba su fito ba. Dattijon ba shi da laifi ko kaɗan, ni ne na ɗauka kowa irin mutum biyar ɗina ne.

Kada ku ji kunya idan ya same ku. Masanin Ingila Tony Hoare, wanda ya shigo da wannan babu cikin harshen ALGOL W a 1965, shi da bakinsa a 2009 ya kira shi kuskuren da ya jawo asarar dala biliyan ɗaya.

Gyaran ba wuya. Riƙe abin da yaro ya kawo, ka duba, sannan ka taɓa:

```
waya = manomi.find("waya")
if waya is not None:
    print(waya.text)
else:
    print("babu lamba")
```

Ku rubuta `is not None` cikakke, don Allah. Wasu suna gajarta shi su ce `if waya:` kawai. A ElementTree, kayan aikin Python na karanta XML da muke amfani da shi, wannan tarko ne, saboda reshen da ba shi da 'ya'ya ana iya lissafa shi kamar babu, alhali yana nan da lambarsa a ciki. Sai ka ga shirin yana cewa babu lamba ga mutumin da wayarsa ke aljihu.

Akwai kuma gidan da maigida yana nan amma hannunsa wayam. Idan aka rubuta `<waya/>`, reshen ya samu, sai dai `text` ɗinsa, wato rubutun da ke ciki, `None` ne. Wannan ma sai an duba kafin a yi aiki da shi. Mai son gajeriyar hanya yana iya cewa `manomi.findtext("waya", "babu lamba")`. Idan reshen ba ya nan, kalmar da ka bayar za ta fito. Idan yana nan amma fanko ne, fili kawai za ka samu.

In kuma rassan suna da zurfi, misali gona a cikin manomi, girma a cikin gona, kowace ƙofa da tata sallamar. Kada ka jera `find` uku a layi ɗaya. Ko dai ka duba kowanne, ko ka ba da hanyar gaba ɗaya, `find("gona/girma")`, ka duba sau ɗaya. Shi kuwa `findall` ba ya dawo da `None`. In bai sami kowa ba jeri fanko yake bayarwa, amma kada ka nemi na farko a jerin da ba kowa.

Aikin gida: kowa ya rubuta fayil na manoma shida daga garinsu. Biyu kada a sa musu waya, ɗaya a sa masa `<waya/>`. Ku fara gwada layin nan mai tuntuɓe, ku kwafe saƙon da kwamfuta ta ba ku a littafinku, sannan ku gyara shirin har duka shidan su fito. Ku zo da littafin ranar Asabar.