Yadda Za Ka Kasa Kayan Sana'arka a Bikin Hunturu na Arizona

A Gold Canyon, gabas da birnin Finiks a jihar Arizona ta Amurka, ana bikin kwaikwayon rayuwar Turai ta ƙarni na 16 duk Asabar da Lahadi a watannin Fabrairu da Maris. Idan kai baduku ne ko maƙeri, ga yadda za ka shiga.

Da farko ka nemi rumfa tun da sauran watanni, ka tura hotunan kayanka. Ana tantancewa, kuma aikin hannu ake so. Daga nan sai ka yanki lasisin harajin ciniki na jihar.

Sutura kuwa, kada ka yi mata sakaci. Shigar wancan zamanin ake bukata: riga mai faɗin hannu da ɗamarar fata. Sanyin safiyar hamada yana ratsa ƙashi, da hantsi kuma rana ta buɗe, don haka ka sa mai ɗumi daga ciki wadda za ka iya tuɓewa. Na'urar karɓar kuɗi ta kati, ka lulluɓe ta da ƙyalle don kada ta ɓata kamannin wancan zamanin.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, ka zauna bakin rumfa kana aiki. Duk wanda ya ga basilla tana huda jar fata, zai tsaya ya taya.

Kada ka manta canji da ruwan sha.